Firamaren ƙauye ko makarantar kuɗi a gari: shawarar da na ba ƙanena

Bayan babbar sallah ƙanena ya same ni a zaure da wata magana da ta daɗe tana cin sa. Ɗansa na fari ya cika shekara shida, ga kuma ƙanwarsa tana tafe. Ya ce, "Yaya, ka dai san halin da firamaren garin nan take ciki. Tunanina ya rabu. Ko in sa yaron nan a makarantar kuɗi ta cikin gari, ɗan acaɓa ya riƙa kai shi yana ɗauko shi, ko in tura shi Kano wajen Gwaggo ya yi karatu a can. Me ka gani?" Na ce ya ba ni mako biyu. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, a ƙauye da kuma a hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma na ga iyaye da dama sun yanke irin wannan hukunci cikin gaggawa, daga baya suka dawo suna cizon yatsa. Abin da na gaya masa shi ne nake rubutawa a nan, domin ba shi kaɗai ke cikin wannan tsaka mai wuya ba.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a Jigawa, tsakaninmu da hedikwata tafiyar kusan rabin awa a babur, rabin hanyar burji ce. Firamarenmu tana cikin waɗanda aka buɗe lokacin shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, na 1976, lokacin da aka baza makarantu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Yanzu ajujuwa huɗu ne ke aiki, iska ta yaye kwanon sauran biyun. Ƙananan yara a tabarma suke zama. Duk wanda ya tsaya a bakin hanya ya dube ta, ya kuma tuna fentin makarantar kuɗin nan da yunifom ɗinta mai kyau, zai ce ai babu ma abin gwadawa. Amma Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Gini shi ne abu na ƙarshe da zan auna, ba na farko ba.

A takarda, firamaren gwamnati ta yi alkawari mai yawa. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun shekara tara, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, kuma mafi ƙarancin takardar da za a koyar da ita ita ce NCE, wato shaidar malanta ta kwalejin ilimi. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce ke kula da makarantun a matakin jiha, sakataren ilimi kuma a ƙaramar hukuma. Wanda ya san ƙauye ya san tsakanin takarda da aji akwai tazara. Amma yana da kyau uba ya san waɗannan abubuwa, domin haƙƙin ɗansa ne, kuma mutum ba ya neman abin da bai san nasa ba ne.

Mu fara da malami, tunda a kansa komai ya rataya. Malaman firamaren ƙauye yawancinsu suna da NCE, da yawa daga Kwalejin Ilimi ta Gumel suka fito, wasu daga kwalejojin Kano. Wasunsu sun halarci bita kan koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa, tun zamanin shirin inganta ilimi na ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa. An kuma ƙara musu da matasan J-Teach, wato shirin gwamnatin Jigawa na ɗaukar malaman wucin gadi. Ke nan wajen sanin aiki ba su da laifi. Matsalarsu zuwa. Malamin da ke zaune a cikin gari, kullum sai ya sayi mai ya zuba a babur kafin ya iso, ba zai zo kwana biyar cur a mako ba, in ma ya zo sai rana ta ɗaga. In malami ɗaya ya yi fashi a makarantar da malamanta biyar ne, aji guda ya tashi ke nan, ko a haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya a ce su yi shiru.

A makarantar kuɗi ta ƙaramin gari abin juyawa yake yi. Da yawa daga masu koyarwa yara ne da suka gama sakandare suna jiran samun gurbin ci gaba, albashinsu kaɗan ne, kuma da sun sami abin da ya fi sai su tafi, har yaro ya canza malami sau biyu a shekara guda. Amma mai makaranta yana tsaye a bakin ƙofa tun bakwai da rabi, wanda ya makara ya san za a yanke masa. Saboda haka kullum akwai mutum a gaban allo. A taƙaice, malamin gwamnati ya fi horo, malamin makarantar kuɗi ya fi zama a aji. Wanne ya fi amfani ga ɗanka? Ya danganta da ko a firamarenku akwai malami ko da ɗaya da ya haɗa biyun, wato ya san aiki kuma yana kwana a garin ko kusa da shi. In akwai shi, kuma shi ke riƙe da aji ɗaya ko aji biyu, to kun yi dace da abin da kuɗi ba ya saye cikin sauƙi.

Dalilin da ya sa nake nanata ƙananan ajujuwa shi ne, aikin shekara ukun farko guda ɗaya ne: yaro ya iya karatu, ya iya rubutu, ya iya ƙirga. Sauran duk a kan wannan ake ɗora su. Kuma yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake magana da shi a gida. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin, kuma ni abin da na gani a aji ya gaskata hikimar hakan. Rubutun Hausa yana bin furuci: in yaro ya san b da a sun ba da ba, ya san k da a sun ba da ka, ya riga ya karanta baka da kansa, kuma ya san abin da kalmar take nufi. Ranar da yaro ya gane wannan dabara, fuskarsa ma canzawa take yi. Wanda ya iya wannan a aji biyu, in aka kawo masa Turanci sai ya zama harshe kawai yake koyo, haɗa baƙi ya riga ya zauna masa.

Makarantun kuɗi da yawa kuwa da Turanci suke farawa tun daga nazare, domin shi iyaye suke son ji. Yaro ya dawo gida yana rera waƙoƙin Turanci, yana gaida babansa da Turanci, kowa ya ji daɗi. Ban raina wannan ba, kunnen yaro yana sabawa da harshen, kuma zai amfane shi gaba. Sai dai na sha karɓar yara daga irin waɗannan makarantu a aji huɗu, littattafansu cike da rubutu mai kyau da jan biro na yabo, amma in ka buɗe shafin da ba a taɓa biya musu ba sai su yi tsit. Hadda suka yi, kwafa suka iya. Akwai makarantun kuɗi na ƙwarai da ba haka suke ba, amma ba a gane su daga fenti. Haka ma a firamaren ƙauye akwai ɗan aji shida da ba ya iya rubuta sunan garinsu. Ɓarnar tana ko'ina, bambancin dai a ɗaya ka biya kuɗi, a ɗaya ba ka biya ba.

Akwai inda makarantar kuɗi ta yi wa ta ƙauye fintinkau, kuma dole a faɗa: yawan kwanakin karatu. A ƙauye da ruwa ya sauka aji ya rage. Shuka, noman fari, maimai, sai kuma kaka ta zo da yankan gero da girbin riɗi da tsinkar zoɓo. Ranar kasuwa kuma rabin 'yan mata suna talla, yara maza suna kora dabbobi. Garuruwan da ke cin kasuwar Gujungu ran Lahadi sun huta, tunda ba ranar makaranta ba ce, amma na kusa da kasuwar Maigatari sun san yadda aji yake zama ran Alhamis. A yankunan da kogin Haɗeja ke ambaliya, kamar yadda aka gani a 2022, wani lokaci makarantar ce ma ke zama masaukin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Amma a lura, yawancin wannan fashin daga gida yake fitowa. Uban da ya biya kuɗin zango ba ya yarda ɗansa ya rasa ko kwana ɗaya, shi kuma wannan uban in kyauta ce sai ya ce yau dai a raka shi gona. Na gaya wa ƙanena, in zai riƙe firamaren ƙauye da irin muhimmancin da zai ba wadda ya biya, ya riga ya toshe rabin giɓin.

Sai maganar kulawa, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani, domin yaro ɗan shekara shida ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne, jiki ne ƙarami mai jin yunwa da sanyi da tsoro. A firamaren garinmu, daga ƙofar gidan ƙanena zuwa aji bai kai minti biyar a ƙafa ba. In aka fita tara yaro zai iya rugawa gida ya sha kunu ko fura ya dawo. In zazzaɓi ya rufe shi a aji, wanda a watan Agusta da Satumba ba abin mamaki ba ne, malam zai ce wa wani babban yaro ya raka shi gida, kafin a jima yana hannun uwarsa. Hedimasta ya san uban kowa, ya san gidan da aka yi rasuwa, ya san yaron da ya zo bai karya ba. In malami ya wuce gona da iri wajen bulala, kafin la'asar maganar ta kai kunnen mai unguwa, kuma da daddare za su haɗu da uban yaron a masallaci. Wannan sa ido na jama'a kariya ce babba, ko da yake ba a rubuta ta a ko'ina ba.

Yanzu ka ɗauki wannan yaron ka ɗora shi a babur da ƙarfe bakwai saura, shi da wasu uku, ɗaya a kan tanki, ba hular kwano, a cikin hunturu da hazo, ko da damina lokacin da burjin ya zama taɓo. Sau biyu a rana, kwana biyar a mako, shekara shida. Na san gidan da yaronsu ya karye a hannu a irin wannan tafiya, kuma ɗan acaɓan mutumin kirki ne, akuya ce ta gitta masa. In yaro ya yi rashin lafiya a can, sai an kira waya, in an samu uban yana gona inda babu sabis sai yaro ya kwanta a benci har a tashi. Ga 'ya mace kuwa damuwar ta ninka, domin amana ce kake danƙa wa mutum ɗaya a hanyar da ba kowa. Ba na cewa kada a yi. Ina cewa wanda zai yi ya sa wannan a ma'auni, kada ya auna darasi kaɗai.

Wajen ruwa da makewayi firamaren ƙauye ce a baya. Da yawa ba su da masai mai aiki, fanfon tuƙa-tuƙa in ya lalace sai ya shekara ba a gyara ba, ga rashin katanga, dabbobi suna ratsa fili. Ƙaramin yaro da gidansu ke kusa wannan bai cika damunsa ba, amma yarinyar da ta kai aji biyar ko shida rashin makewayi kaɗai yana iya sa ta fara fashi. Ciyarwa kuma, kada kowa ya gina shawararsa a kanta. Kano ta yi ciyarwar 'yan firamare tun zamanin mulkin Kwankwaso na farko, gwamnatin tarayya ma ta kawo nata shirin a 2016 don 'yan aji ɗaya zuwa uku, amma abu ne da yake zuwa ya tsaya. Ka ɗauka abincin ɗanka daga gidanka zai fito.

Batun tura shi Kano wajen Gwaggo ban ɓata lokaci a kai ba. Riƙo al'adarmu ce, kuma mutane da yawa ta nan suka zama abin da suka zama. Amma na ce masa, ɗan shekara shida ya yi ƙanƙanta. Gwaggo tana da nata jikokin da nata hidimar, kuma ɗan riƙo ko ana son sa shi ake fara aika. Firamaren gwamnati a birni kuma cunkosonta ya fi na ƙauye nesa ba kusa ba, yaro mai kunya daga ƙauye zai iya zama a bayan aji shekara guda malami bai san sunansa ba. In za a yi riƙo, a bari sai ya kai shekara goma ko sha ɗaya, ya iya wanke kayansa, ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa.

Akwai kuma karatun addini, wanda mutane kan manta da shi a lissafi. Yaron da ke firamaren gari yana zuwa makarantar allo da asuba ko da yamma, yana zuwa Islamiyya, duk a unguwa ɗaya. Wanda ke zirga-zirga a babur yana dawowa ne bayan azahar a gajiye, ga aikin gida da aka ba shi. Wasu makarantun kuɗi sun haɗa boko da Islamiyya har da hadda, kuma wannan yana cikin abin da ke jan iyaye. In irin wannan ce, a tambaya a ji wa ke koyar da Alƙur'anin, a kuma saurari karatun yaran da kunne.

Kuɗi. Firamaren gwamnati ba a biyan kuɗin makaranta, sai yunifom da littafin rubutu da fensir da ɗan abin da ba a rasa ba. Makarantar kuɗi kuwa zango uku ne a shekara, ga kuɗin littattafai, ga na jarrabawa, ga kayan wasanni, ga bikin yaye ɗalibai. Na sa ƙanena ya ɗauki biro ya lissafa kuɗin acaɓa kaɗai na shekara, sai ya ga yana neman ya kamo kuɗin makarantar kanta, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 hawa babur ya daina zama abin wasa. Sannan manomi kuɗinsa na kaka ne. Zangon farko yana kamawa a Satumba, kafin amfanin gona ya shigo sosai, zango na uku kuma daidai lokacin neman taki da iri. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da aka fara da shi a makarantar kuɗi, aka kai aji uku ƙarfi ya ƙare, aka yi ta koro shi saboda bashi, daga ƙarshe aka dawo da shi ƙauye yana jin an rage masa daraja. Ga kuma ƙanne. In ka kai na fari, me za ka ce wa ta biyu? Sau da yawa a nan ne ake barin 'ya mace a gida ko a ta kyauta, a ce ai ita aure za ta yi. Wannan rashin adalci ne, kuma yaran suna gani.

To amma kada a ɗauka ina cewa a bar yaro a firamaren ƙauye har ya gama ko ta halin ƙaƙa. Daga aji huɗu zuwa shida ne raunin ƙaramar makaranta yake fitowa fili. A nan ake bukatar malamin da ya iya Turanci sosai da wanda ya iya lissafi, kuma makarantar da malamanta ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba da wuya ta haɗa su. Jarrabawar gaba duk da Turanci ake yin ta. Wanda ke da burin ɗansa ya shiga makarantar masu hazaƙa ta Bamaina, ko wata rana ya ci jarrabawar makarantun kimiyya irin na Kafin Hausa da Lautai, ko na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta kafa tun 1977, dole ya duba waɗannan shekaru uku da idon basira. A lokacin yaro ya kai shekara tara ko goma, ya yi ƙwari, zai iya jure babur ko ma ya tuƙa keke tare da 'yan uwansa. Kuma ba makarantar kuɗi ce kaɗai mafita ba. Babbar firamaren gwamnati ta hedikwata takan fi malamai, masu duba makarantu sun fi leƙa ta, kuma kyauta ce, sai dai a yi haƙuri da cunkoso.

Kafin ya yanke shawara na ce mu je mu gani da ido, tunda zuwa da kai ya fi aike. Mun je makarantun biyu ba tare da sanarwa ba, kowace sau biyu, ɗaya da sassafe, ɗaya bayan tara. Abin da muka duba kaɗan ne. Malamai nawa ne a cikin aji, ba a gindin bishiya ba? Mun karɓi littattafan rubutun yara uku muka duba kwanan wata, mu ga ko ana aiki kullum, ko kuma akwai mako biyu da ba a rubuta komai ba, mu kuma ga ko malam yana gyara kuskure ko maki kawai yake sawa. Sannan da izinin hedimasta na rubuta gajerun jimloli uku na Hausa a takarda, na ba 'yan aji uku su karanta, ba waɗanda malam ya zaɓa ba, waɗanda na nuna da kaina daga layin baya. Duk uban da ya iya karatu zai iya yin wannan gwaji, wanda bai iya ba ya tafi da wanda ya iya. Mun kuma tambaya ko kwamitin SBMC yana zama, wato kwamitin da ya haɗa mai gari da liman da iyaye maza da mata da malamai don kula da makaranta. Inda wannan kwamiti yake da rai, malami ba ya fashi yadda ya ga dama, domin akwai masu zuwa ofishin sakataren ilimi su yi magana.

A makarantar kuɗin mun tarar da kowa a ajinsa, ga tsabta, ga makewayi, yaran kuma sun fi namu sakin baki da Turanci. A karatun takardata kuwa ba su fi namu ba. A firamarenmu zuwan farko malamai uku muka samu cikin biyar. Amma mai riƙe da aji ɗaya da aji biyu ɗan garin ne, gidansa na bayan masallaci, kuma yaran da suka biyo ta hannunsa su ne suka karanta jimlolin nan, suna bin baƙi da yatsa.

Da ba mu sami wannan malamin ba, da na ce wa ƙanena ya nemi ɗan acaɓa mai amana ya rungumi ɗawainiyar, ko ya haɗa kai da wasu iyaye su ɗauki mai koya wa yaran karatu da yamma. Tunda akwai shi, sai muka tsaya a kan haka: yaron zai fara a gida. Ba gona ranar makaranta, ba aike ranar kasuwa. Wani abu daga kuɗin da za a ba ɗan acaɓa za a saya masa littattafan karatu na Hausa da fitila mai caji, sauran a sayi tunkiya a ajiye don aji huɗu. Ƙanena ya karɓi kujera a kwamitin makaranta, kuma maganar farko da ya kai ita ce ta gyaran fanfo da haƙa masai kafin 'yarsa ta shiga. Ni kuma na ɗauki alkawarin a ƙarshen aji biyu zan zaunar da yaron a zauren nan in ba shi shafin da bai taɓa gani ba. In ya karanta, ya ci gaba har aji uku. In bai karanta ba, a zangon da ke biye za mu ɗauke shi.